Cikin Soja da Aljihun Talaka: Yadda Yaƙi Ke Sake Ƙera Al'umma

Runduna mai mutum 40,000 tana cin hatsi tan 40 a kowace rana, in an ba kowane soja kilo ɗaya, wanda shi ne ɗan abin da zai riƙe namijin da ke tafiyar ƙasa da kaya a baya. In rundunar tana da dawaki 10,000, kowane doki yana buƙatar wajen kilo 5 na hatsi da kilo 5 na ciyawa, ga ruwa lita 30 ko fiye. Dawakin kaɗai sun lashe tan 100 ke nan. Wannan lissafi ba ya hutu. Ranar da aka gwabza da ranar da aka yini a kwance a sansani duk ɗaya suke a wurin ciki, kuma a yawancin yaƙe-yaƙen da, kwanakin gwabzawa na gaske a shekara ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba.

Daga nan ya kamata mai son fahimtar tasirin yaƙi a kan al'umma ya faro. Fagen daga yana yanke wanda ya yi nasara. Amma irin ƙasar da za ta fito bayan ƙura ta lafa, ana yanke ta ne a wurin neman abin da za a ciyar da mayaƙan, da kuɗin da za a biya su, da mutanen da za a ɗebo, da kuma abin da za a yi da su in an gama.

Kafin jirgin ƙasa, matsalar guzuri tana da iyaka mai wuyar tsallakewa. Alfadari yana ɗaukar kimanin kilo 100. Shi da mai kora shi suna cin wajen kilo 5 a rana daga cikin kayan da ya ɗauko, in babu kiwo a hanya. Tafiyar kwana biyar da komowa ta cinye rabin kayan. Tafiyar kwana goma da komowa ta cinye su tas, ba a sauke wa soja ko ƙwaya ba. Shi ya sa a da rundunoni suke bin gaɓar kogi ko bakin teku, inda jirgin ruwa ke ɗaukar abin da alfadarai ɗaruruwa ba za su iya ba, shi ya sa kuma ake fita yaƙi bayan amfanin gona ya nuna. Wanda ya yi nisa da ruwa ba shi da zaɓi sai ya ci daga rumbun manomin da ya taras, aboki ne ko abokin gaba. A Yaƙin Shekara Talatin na ƙasashen Jamus, daga 1618 zuwa 1648, wannan ne ya fi takobi kisa: runduna ta sauka, ta cinye hatsi har da iri, ta yanka shanun noma, ta tashi ta bar yunwa da annoba. Wasu yankunan sun rasa fiye da rabin mutanensu.

Napoleon ya san wannan sarai, ya kuma yi tanadin rumbuna da amalanke kafin ya ƙetara kogin Niemen ya shiga Rasha a watan Yunin 1812 da mutum sama da 400,000. Hanyoyin Rasha suka zama taɓo, amalanken suka maƙale a baya, dawaki suka ci ɗanyen hatsi suka dinga faɗuwa dubbai. Atini da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa suka shiga sansani. Kafin a kai ga gwabzawar Borodino ranar 7 ga Satumba, babban ɓangaren rundunar ya riga ya narke, tun sanyi bai sauko ba. Ana yawan ɗora wa hunturu laifin, alhali shi ƙarasawa kawai ya yi. Haka ma sojojin Maroko da suka karya daular Songhai a Tondibi a 1591 da bindigogi: yaƙin ya zo musu da sauƙi, riƙe ƙasar da Sahara ta raba da gida shi ne ya gagara, har zuriyarsu ta koma masu mulkin kansu a Tambutu.

Rajista, awo da haraji

Sarkin da ba ya son rundunarsa ta cinye ƙasarsa dole ya san gidaje nawa yake da su, maza nawa ne a ciki, gona nawa suke nomawa. Ƙidaya da rajista da awon fili duk 'ya'yan wannan larura ne. A ƙasar Qin ta Sin, wajen shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa, waziri Shang Yang ya rubuta gidaje rukuni-rukuni na biyar da na goma, laifin ɗaya ya shafi sauran. Ya daidaita mudu da ma'auni, ya ninka harajin gidan da manyan 'ya'ya maza biyu ke zaune ba su raba tukunya ba, domin yawan gidaje yawan masu biya ne. Muƙami kuwa ya koma kan adadin kawunan abokan gaba da mutum ya kawo, ba kan gidan da aka haife shi ba. Da wannan tsari Qin ta haɗiye sauran ƙasashen a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma mulkin ma'aikata masu rubutu da ta kafa ya daɗe fiye da ita da shekaru dubu biyu.

A zamanin Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi, daga 634 zuwa 644, irin wannan tambaya ta taso bayan an ci Iraƙi. Mayaƙa suka nemi a raba musu ƙasar noman Sawad a matsayin ganima. Halifa ya ƙi. Ya bar gonakin a hannun manomansu suna biyan haraji, ya aika Usman ɗan Hunaif ya auna filayen, sannan ya kafa diwani, wato littafin da aka rubuta sunayen mayaƙa da albashin kowa na shekara, mutanen Badar suna karɓar dirhami 5,000. Aka zaunar da rundunonin a sansanoni na musamman, Basra da Kufa da Fusɗaɗ, waɗanda suka zama manyan biranen ilimi. Da an raba ƙasar, da an sami 'yan tsirarun masu filaye da baitulmali fanko. Shawara ɗaya a kan yadda za a biya soja ta tsara zaman manomi da birni da gwamnati na ƙarnoni.

Albarushi ya ƙara tsadar komai. Igwar da Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ya girke wa ganuwar Kustantiniya a 1453, da waɗanda Faransa ta shiga Italiya da su a 1494, sun nuna cewa doguwar katangar dutse ta daina kare kowa. Maganin da magina suka samo shi ne gajeriyar ganuwa mai kauri, ta ƙasa da aka lulluɓe da bulo, mai kusurwoyi masu tsini kamar tauraro, yadda kowane ɓangare zai iya harbin wanda ya kusanci ɗan'uwansa. Irin wannan ganuwa ba ta faɗuwa a mako. Kewaye garin Ostend ya ɗauki shekara uku, daga 1601 zuwa 1604. Ana buƙatar dubban sojoji su zauna wata da watanni ana biyan su. Ƙaramin basarake mai barade ɗari biyu da gidan dutse a kan tsauni ya fita daga wasan. Wanda ya rage shi ne mai iya tara haraji daga ƙasa guda.

Wanda ya biya, da yadda ya biya

Hanyoyin biyan yaƙi kaɗan ne: ganima, haraji, bashi, ko buga kuɗi. Kowace tana barin irin tabonta.

Sifaniya ta ƙarni na 16 ta fi kowa azurfa, tana kwaso ta daga Potosi a Kudancin Amurka. Duk da haka Sarki Filibus na Biyu ya dakatar da biyan bashi har sau huɗu: 1557, 1560, 1575 da 1596. Azurfar tana shigowa ne ta wuce hannun masu ba da rance na Genoa da Jamus, domin an riga an ci ta tun tana teku. Bayan dakatarwar 1575 albashin sojojinsa da ke Holand ya yanke, a watan Nuwamban 1576 suka yi tawaye suka wawashe Antwerp, suka kashe dubban mutane, suka kuma haɗa kan lardunan da ake son murƙushewa. Soja mai bin bashin albashi ya fi abokin gaba haɗari.

Ingila ta bi wata hanya. A 1694, tana tsakiyar yaƙi da Faransa, 'yan kasuwa suka tara fam miliyan 1.2 suka ranta wa gwamnati a kan kuɗin ruwa kashi 8 cikin ɗari, aka ba su izinin kafa Bankin Ingila. Muhimmin abin shi ne wanda ya tsaya wa bashin. Majalisa ce, ba sarki ba, kuma ta ware takamaiman haraji don biyan ruwan. Masu ba da rancen su ne ke zaune a majalisar ko suke zaɓar masu zama, don haka ba za su cuci kansu ba. Kuɗin ruwa ya dinga sauka, gwamnati ta iya cin bashin da ya kai wajen ninki biyu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, ba ta karye ba. A cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ne Firayim Minista William Pitt ya shigo da harajin kuɗin shiga a 1799, kashi 10 cikin ɗari ga mai samun sama da fam 200. An ce na ɗan lokaci ne. An soke shi a 1816, ya dawo a 1842, bai sake tafiya ba. Cire haraji daga albashi tun kafin ya shiga hannun ma'aikaci ma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tabbatar da shi, a Amurka a 1943, a Birtaniya a 1944.

Faransa ta fi Ingila mutane da ƙasa, amma manyan masu filaye da malaman coci sun kuɓuta daga yawancin haraji. Bashin taimaka wa Amurka a yaƙin neman 'yancinta ya zo ya hau kan tsohon bashi, sarki ya rasa mafita sai ya kira taron wakilan ƙasa a 1789, karo na farko tun 1614. Waɗanda aka kira don su amince da haraji suka tambayi wa ke da ikon ƙasar.

Mafi muni ita ce hanyar buga kuɗi. Jamus ta yi Yaƙin Duniya na Ɗaya kusan kacokan da bashi, da zaton waɗanda za ta ci da yaƙi su za su biya. Da aka ci ta, ga bashin gida, ga diyyar da aka ɗora mata, ga mamayar yankin Ruhr a 1923, sai injin buga kuɗi. Dalar da take mak 4.2 a 1914 ta kai mak tiriliyan 4.2 a Nuwamban 1923. Bashin gwamnati ya goge, tare da ajiyar malamin makaranta da ɗan fansho da duk wanda ya sayi takardun lamuni don kishin ƙasa. Mai gona da mai masana'anta da wanda ake bi bashi suka tsira. Wannan haraji ne da ba majalisar da ta zauna a kansa, kuma waɗanda suka biya shi ba su yafe wa jamhuriyar da ke mulkin Jamus a lokacin ba.

Wanda ya ɗauki makami

Akwai wata ƙa'ida da ke maimaituwa: gwargwadon yawan talakawan da ƙasa ke buƙata a yaƙi, gwargwadon abin da take tilasta ba su. Jirgin yaƙin Atina ta tsohuwar Girka yana buƙatar matuƙa 170, kuma talakawan da ba su da kuɗin sulke ne ke tuƙa shi. Bayan nasarar Salamis a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, ba a iya hana su baki a taron gari ba. Inda yaƙi ya dogara ga barade masu tsadar doki da sulke, mulki yakan tattaru a hannun 'yan gidaje kaɗan.

Rum ta nuna yadda abin ke juyewa. Sojanta na farko manomi ne mai ɗan fili, yana sayen makaminsa, ya yi yaƙi ya dawo gona. Da yaƙe-yaƙe suka yi nisa, aka dinga riƙe shi shekaru a Sifaniya ko Girka, gonar ta mutu, iyali suka ci bashi, attajiri ya saye filin ya zuba bayin da wannan sojan ya kamo. A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa kaɗai an bautar da mutum 150,000 daga Epirus. Wakilin talakawa Tiberius Gracchus ya nemi a sake raba filaye, aka kashe shi a 133. A 107 kwamanda Marius ya buɗe ƙofar soja ga marasa fili. Irin wannan soja ba shi da abin komawa sai alkawarin da kwamandansa ya yi masa, don haka biyayyarsa ta koma ga kwamandan. Kwamanda Sulla ya shiga Rum da runduna a 88, Kaisar ya bi sahu a 49. Sarki Augustus ne ya toshe ɓarakar: ya ƙayyade aikin soja shekara 20, ya tsayar da kuɗin sallama, ya kafa asusu na musamman a shekara ta 6 miladiyya da harajin gado na kashi 5 cikin ɗari. Soja ya koma kallon gwamnati, amma jamhuriya ta riga ta tafi.

Zamanin ɗibar soja na dole ya faro da dokar Faransa ta Agustan 1793, ya kai ƙololuwa a yaƙe-yaƙen duniya biyu. A ranar farko ta gwabzawar Somme, 1 ga Yulin 1916, Birtaniya ta rasa mutum 19,240 a mace. Ƙasar da ta nemi wannan daga ma'aikatanta ba za ta ce musu ba su isa jefa ƙuri'a ba. Dokar 1918 ta ba da ƙuri'a ga duk namiji mai shekara 21, da sojan da ya kai 19, da matan da suka haura 30 bisa wasu sharuɗɗan dukiya. Abin lura, 'yan matan da suka cika masana'antun harsashi, kusan miliyan guda, yawancinsu ba su kai 30 ba, sai a 1928 aka daidaita. Matan Faransa sun yi irin wannan aiki amma suka jira har 1944, domin majalisar dattawa ta dinga toshe dokar. Yaƙi yana buɗe ƙofa ne kawai. Sai da ƙungiyar da ta riga ta shirya ake shiga.

Kula da lafiyar jama'a ma ta nan ta ɓullo. A Yaƙin Crimea na 1853 zuwa 1856, cuta ta kashe sojojin Birtaniya ninkin ba ninkin na waɗanda makami ya kashe, kuma alƙaluman da ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta tattara ne suka sa aka ɗauki magudanar ruwa da iska da wanki da muhimmanci. A yaƙin basasar Amurka wajen kashi biyu cikin uku na mamatan cuta ce ta kashe su. Lokacin Yaƙin Boer, daga 1899 zuwa 1902, likitocin sojan Birtaniya suka ga yawan samarin birane da ba su da ƙoshin lafiyar ɗaukar bindiga, abin da ya kai ga dokar ciyar da 'yan makaranta a 1906 da duba lafiyarsu a 1907. Tsoron rasa sojan gobe ya yi abin da tausayi ya daɗe bai yi ba.

Ranar sallama

A nan ne gwamnatoci suka fi tuntuɓe. Mutumin da aka koya wa harbi da aiki cikin tsari, ya ga duniya, ya ga shugabanninsa suna tsoro suna mutuwa kamar kowa, ba ya komawa yadda ya tafi. Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi suka nemi haƙƙinsu a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamban 1944. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojojin da suka yi wa Birtaniya yaƙi suka yi tattaki kan fansho da alkawuran da ba a cika ba, aka harbe uku, gari ya kama da wuta. Bayan shekara tara Ghana ta sami 'yanci. Amurka, da ta tuna yadda tsofaffin sojojinta suka mamaye Washington a 1932, ta yi dokar 1944 wadda ta biya wa kusan mutum miliyan 8 kuɗin karatu ko koyon sana'a, ta kuma sauƙaƙa musu rancen gida, ko da yake baƙaƙen fata, musamman a kudu, an tauye su wajen aiwatarwa. A Iraƙi kuwa, umarnin da hukumar mamaya ta Amurka ta bayar ranar 23 ga Mayun 2003 ya rusa rundunar ƙasar a rana ɗaya, ya watsa dubban ɗaruruwan mutanen da suka san inda ma'ajiyar makamai take, ba aiki ba tabbacin fansho. Da yawa daga cikinsu sun sami masu ɗaukarsu aiki.

Kada a ɗauka daga duk wannan cewa yaƙi magini ne. Inda ya gina hukuma, ya gina ta ne domin mai mulki ya rasa yadda zai yi sai ya zo wurin jama'a neman kuɗi da 'ya'ya, su kuma suka sa sharaɗi. In kuɗin yana fitowa daga rami ko daga wata ƙasar waje, wannan cinikin ba ya aukuwa. A Angola, daga 1975 zuwa 2002, gwamnati tana da man fetur, 'yan tawayen UNITA suna da lu'ulu'u, kowa kuma ya taɓa samun uban gida a waje. A Saliyo, daga 1991 zuwa 2002, lu'ulu'u ya ciyar da 'yan tawaye. Mai irin wannan kuɗi ba ya buƙatar ƙidaya ko rajista ko yardar manomi. Abin da yake buƙata shi ne riƙe ramin da hanyar fita da kaya, farar hula kuwa ko dai leburan tilas ne ko cikas. Yaƙin basasa ya ƙara da nasa: yana cinye kotu da makaranta da amanar maƙwabta, waɗanda yaƙi da baƙo yakan ƙarfafa. Ko a Turai da ake misali da ita, ɗaruruwan ƙananan ƙasashe ne suka ɓace kafin 'yan kaɗan su tsaya, kuma tarihin da ake karantawa na waɗanda suka tsira ne. Paraguay ta fito daga yaƙin 1864 zuwa 1870 ta rasa mafi yawan manyan mazanta. Tarayyar Sobiyat ta rasa wajen mutum miliyan 27 a Yaƙin Duniya na Biyu, giɓin da ya dinga bayyana a ƙidayar haihuwa tsara bayan tsara.

Sannan akwai abin da ke kwance a ƙasa. Tsakanin 1964 da 1973 an zuba wa Laos bama-bamai sama da tan miliyan 2, ciki har da ƙananan 'ya'yan bom kimanin miliyan 270, kowane bai wuce girman dunƙulen hannu ba. Kusan kashi 30 cikin ɗari ba su fashe ba, domin sun faɗa cikin laka mai taushi ko reshen bishiya ya tare su. Share su aikin hannu ne: a yanka fili layi-layi da igiya, a bi da na'urar gano ƙarfe taku bayan taku, a tone duk abin da ya yi ƙara, a fasa wanda aka samu a inda yake. Tsohon ƙusa da ɓaraguzan ƙarfe suna ƙara kamar bom, kowanne kuma sai an tsaya masa. Manomin da ba a kai ga share filinsa ba yakan yi huɗa marar zurfi, ko ya bar gonar gaba ɗaya. A arewa maso gabashin Faransa, garmar manoma tana ci gaba da tono harsasan igwa na 1914 zuwa 1918 kowace shekara, ana jera su a bakin gona har motar masu kwance bom ta zo ta kwashe.